Darasi na 17: Idan Linzamin Kwamfuta Ya Ƙi Motsi

Manufar Darasi

Wannan darasi yana da manufa biyu. Ta farko ita ce ɗalibi ya san kalmomin da Hausawa suke amfani da su wajen maganar kwamfuta da sassanta. Ta biyu kuwa ita ce ya ƙware wajen ba da umarni daki-daki cikin ladabi. An ɗauko misalan daga birnin Jidda, inda Hausa take cuɗanya da Larabci da Ingilishi a kullum. Ana son ɗalibi ya karanta nassin sau biyu, da farko a zuci, sannan a bayyane, kafin ya duba ma'anar kalmomi.

KARATU

1. Jidda, ƙofar Makka

Jidda birni ne da ke gaɓar Bahar Maliya, a yammacin ƙasar Saudiyya, kimanin kilomita 70 daga Makka. Tun shekarar 647 Miladiyya, a zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan, aka mai da ita mashigar mahajjatan da suke zuwa ta teku. Hausawa sun daɗe da sanin wannan hanya. Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci yakan bar Kano ko Katsina a ƙasa, ya ratsa Barno da Cadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya, sannan ya ƙetare teku zuwa Jidda. Wasu sun koma gida, wasu sun zauna. Masu zama sun ƙaru bayan shekarar 1903, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, jama'a da dama suka yi hijira gabas. Har yau akwai iyalai a Jidda da Makka da Madina masu laƙabin Hausawi.

A yanzu tafiyar shekaru ta koma ta 'yan sa'o'i. A shekarar 1981 aka buɗe filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, wanda yake da sashe na musamman domin alhazai, mai rufi kamar tantuna. A 2006 Nijeriya ta kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa, a 2023 kuma Saudiyya ta ware mata kujeru 95,000. Kowane alhaji yana da suna da lambar fasfo da biza da masauki da ranar tashi da nauyin kaya, kuma duk waɗannan bayanai a kwamfuta ake shigar da su. Saboda haka magatakardan da ke zaune a ofishin wani kamfanin tafiye-tafiye a Jidda, lokacin komawar alhazai gida, amana ce babba a hannunsa. Idan ya shafe sa'a biyu yana shigar da sunaye, sai kibiyar da ke fuskar kwamfuta ta tsaya cik, abin da zai yi cikin minti biyar masu zuwa shi ne zai nuna ko aikin ya tsira ko ya salwanta.

2. Na'ura ɗaya, sunaye uku

Na'urar da ake riƙewa a tafin hannu domin motsa wannan kibiya wani Ba'amurke ne, Douglas Engelbart, ya ƙirƙiro ta a wata cibiyar bincike da ke Kalifoniya. Abokin aikinsa Bill English ya haɗa ta farko a shekarar 1964. Da katako aka yi ta, da ƙafafu biyu a ƙarƙashi, da maɓalli ɗaya. Engelbart ya nuna ta ga jama'a ranar 9 ga Disamba, 1968, amma ba ta shiga gidaje da ofisoshi sosai ba sai bayan da kamfanin Apple ya fito da kwamfutar Macintosh a 1984.

Turawa sun dubi siffarta, suka ga ƙaramin jiki da waya kamar wutsiya, sai suka kira ta da sunan ɓera. Larabawa suka bi sahu, suka ce fa'ara, wato ɓera ke nan da harshensu. A Hausa ma wasu sukan ce ɓeran kwamfuta, wasu kuma su ari kalmar Ingilishi su ce mawus. Amma akwai suna na uku, wanda bai dubi siffa ba, sai aiki, shi ne linzami. Linzami ƙarfe ne da ake sa wa doki a baki, mahayi ya riƙe ragamarsa, ya juya dokin dama ko hagu. Wannan suna yana ɗauke da darasi a cikinsa. Idan linzami ya tsinke, doki bai mutu ba, kuma gwanin mahayi yana iya sarrafa shi da ƙafa da murya har ya kai gida. Haka kwamfuta take. Tsayawar kibiya ba mutuwar na'ura ba ce, kuma allon madannai yana iya yin kusan duk abin da linzami yake yi.

3. Dalilin da ya sa ba a gaggawar kashewa

Mutane da yawa, da zarar linzami ya ƙi motsi, sai su danne maɓallin wuta har kwamfuta ta mutu, sannan su sake kunna ta. Sau da yawa hakan yakan dawo da kibiya, amma da asara. Kwamfuta tana da ma'ajiya iri biyu. Akwai ta dindindin, wadda take riƙe fayiloli ko da babu wuta. Akwai kuma ta wucin gadi, wadda take riƙe aikin da ake cikin yi, ita kuwa da zarar wuta ta yanke sai ta manta da kome. Duk rubutun da ba a adana ba a nan yake zaune. Wasu manhajoji sukan ajiye kwafi da kansu lokaci-lokaci, amma fom ɗin da ake cikewa a intanet sau da yawa yakan tafi gaba ɗaya. Bugu da ƙari, idan aka yanke wuta daidai lokacin da kwamfuta take rubuta fayil, fayil ɗin yana iya lalacewa. Hausawa suka ce gaggawa aikin Shaiɗan. Abin da ya fi shi ne a bi matakai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Waɗanda za a kawo a nan sun shafi babbar manhajar Windows ne.

4. Matakai shida

Mataki na farko: a gano wanda ya tsaya, doki ko linzami. A danna maɓallin Caps Lock, a dubi 'yar fitilarsa. Idan tana kamawa tana mutuwa, kwamfuta tana raye. Idan allon madannai ba shi da fitila, a danna maɓallin da ke ɗauke da tambarin Windows. In jerin manhajoji ya bayyana, to matsalar ta linzami ce kaɗai.

Mataki na biyu: a adana aiki kafin kome. A riƙe Ctrl a danna S. Idan tagogi da yawa ne a buɗe, a riƙe Alt ana danna Tab, a shiga kowace a adana abin da ke cikinta. A fom ɗin intanet, Tab yana kai mutum daga gurbi zuwa gurbi, Shift da Tab suna mai da shi baya, Enter kuma yana zartar da abin da aka zaɓa. A Jidda kwamfutoci da yawa da Larabci suke magana, tagoginsu suna farawa daga dama zuwa hagu, amma aikin waɗannan maɓallai bai sauya ba. Wanda bai iya karanta Larabci ba ma yana iya ceton aikinsa da su.

Mataki na uku: a duba jikin linzamin. Idan mai waya ne irin na USB, a zare shi, a dakata kaɗan, a soka shi a wata kafa dabam. An tsara USB, wanda ya fito a 1996, yadda za a iya zarewa da sokawa kwamfuta tana aiki. A kifa linzamin a goge idonsa, domin ƙura da gumin hannu sukan toshe shi, balle a gari mai zafi da laima kamar Jidda. A lura da abin da aka ɗora shi a kai, domin yawancin linzamai masu aiki da haske ba sa gani a kan gilashi. Farar takarda ɗaya takan warware wannan. Idan marar waya ne, a sauya batir, a kashe shi a kunna, a zare 'yar na'urar da take karɓar saƙonsa a mayar. A kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, sau da yawa mutum ne da kansa yake kashe faifan shafawa bisa kuskure, kuma riƙe Fn tare da maɓallin da ke da hoton faifan yakan dawo da shi. Togaciya ɗaya ita ce tsohon linzami mai zagayayyen kai, galibi kore, irin na PS/2 da kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Shi ba a tsara shi domin zarewa kwamfuta tana aiki ba, saboda haka a bar shi a wurinsa.

Mataki na huɗu: a nemi manhajar da ta cije. Wani lokaci linzami lafiyarsa lau, wata manhaja ce ta cinye ƙarfin kwamfuta har kibiya ta kasa tafiya. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, sai tagar kula da ayyuka ta buɗe. A yi amfani da Tab da maɓallan kibiya a kai ga manhajar da ba ta amsawa, a rufe ta. Amma a sani, duk abin da ba a adana a cikinta ba zai tafi. Idan ita ce take riƙe da aikin, gara a ba ta 'yan mintoci tukuna, domin sau da yawa takan farfaɗo da kanta.

Mataki na biyar: a farkar da direba. Tsakanin linzami da babbar manhaja akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, aikinta kamar na tafinta ne. Idan tafinta ya yi barci, magana ta yanke. A riƙe maɓallin Windows a danna R, sai ƙaramin akwati ya fito. Idan madannai suna kan Larabci, a danna Alt da Shift domin a koma baƙaƙen boko. A rubuta devmgmt.msc a danna Enter, sai sashen kula da na'urori ya buɗe. A danna Tab, a sauka da maɓallin kibiya zuwa rukunin linzamai, a buɗe shi, a zaɓi linzamin, a danna Shift da F10. A cikin zaɓin da zai fito, a dakatar da na'urar, sannan a sake ba ta izinin aiki. A wasu ofisoshi wannan mataki yana bukatar izinin mai kula da kwamfutocin wurin.

Mataki na shida: a mai da lambobi linzami. Tun daga Windows 95 akwai wani tsari da aka yi domin masu lalurar hannu, wanda yake amfanar kowa a irin wannan rana. A danna Alt na hagu da Shift na hagu da Num Lock tare, a amince da tambayar da za ta fito. Daga nan lambobin da ke gefen dama na allon madannai sun zama ragama: 8 sama, 2 ƙasa, 4 hagu, 6 dama, 5 kuma latsawa. Tafiyar tana da nawa, amma sannu ba ta hana zuwa.

Idan duk waɗannan ba su yi ba, to sai a sake kunna kwamfuta, amma ta ƙofa, ba ta katanga ba. A riƙe maɓallin Windows a danna D, sannan Alt da F4, a zaɓi sake kunnawa. A lokacin an riga an adana aiki, babu abin da zai salwanta. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya san waɗannan maɓallai tun kafin ranar bukata, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

HIRA

Wani dattijo, jagoran tawagar alhazai, ya zo ofis karɓar jerin sunayen waɗanda za su tashi gobe.

Alhaji: Salamu alaikum. Sannu da aiki, ɗana.
Magatakarda: Wa alaikumus salam. Barka da zuwa, Baba Alhaji. Bismilla, ga kujera.
Alhaji: Madalla. Ina fatan takardarmu ta kammalu, domin mutanena sun ƙosa su ga gida.
Magatakarda: Saura suna goma, ranka ya daɗe, sai ga shi linzami ya ƙi motsi.
Alhaji: Subhanallahi! To, kashe ta mana ka kunna. Haka nake ganin jikokina suna yi.
Magatakarda: A gafarce ni, Baba. In na kashe ta yanzu, duk abin da na rubuta tun bayan azahar zai tafi.
Alhaji: A'a, kada ka soma! To yaya ke nan?
Magatakarda: Bari in fara adana shi da madannai. Yauwa, ya adanu. Yanzu ko me ya faru, sunayen suna nan.
Alhaji: Alhamdu lillahi. Shi kuma ɓeran naka, mutuwa ya yi?
Magatakarda: Da ransa, ga fitilarsa tana ci. Ina jin gilashin teburin nan ne ya rikita shi. Don Allah Baba, miƙo mini farar takardar can.
Alhaji: Ungo.
Magatakarda: Na gode. Ka gani, kibiya ta motsa.
Alhaji: Ikon Allah! Takarda ɗaya tak? Allah ya yi maka albarka, ɗana.
Magatakarda: Amin, Baba. A ɗan ba ni minti goma, in sha Allahu.

MA'ANAR KALMOMI

maniyyaci: wanda ya yi niyyar zuwa aikin Hajji
laƙabi: sunan da ake ƙara wa mutum ko iyali bayan sunan yanka
magatakarda: ma'aikacin da aikinsa rubutu da ajiye takardu ne
salwanta: ɓata ko lalacewa yadda ba za a sake samu ba
ragama: igiyar da ake jan dabba ko sarrafa ta da ita
allon madannai: sashen kwamfuta mai baƙaƙe da lambobi, wanda ake rubutu da shi
manhaja: tsarin umarnin da kwamfuta take bi wajen yin wani aiki
wucin gadi: na ɗan lokaci, kishiyar dindindin
adana: ajiye abu a inda ba zai ɓata ba
kafa: ƙaramin rami ko hanyar shiga
togaciya: abin da aka ware daga doka ko bayani
cije: tsayawa a wuri ɗaya, ba gaba ba baya
nawa: rashin sauri

NAHAWU

1. Aikatau ƙi. Asalin ma'anarsa rashin yarda ne, kamar a ce yaro ya ƙi zuwa. Amma Hausa tana amfani da shi ga abin da ba shi da rai, idan bai yi aikin da ake so ba. Sunan aiki ne yake biye da shi.
Linzami ya ƙi motsi.
Mota ta ƙi tashi.
Ƙofa ta ƙi buɗuwa.

2. Ba tare da ... ba. Wannan tsari yana kore faruwar wani abu a gefen babban aikin jimla. Sunan aiki yana iya zuwa a tsakiya, cikakkiyar jimla ma tana iya zuwa, cikin sigar shuɗaɗɗen lokaci. Kada a manta da ba ta ƙarshe.
Ya gyara shi ba tare da ɓata lokaci ba.
An dawo da kibiya ba tare da an kashe kwamfuta ba.
Sun tashi ba tare da sun yi sallama ba.

3. Umarni da a. A rubutun koyarwa, da kuma wajen magana da manya, ba a cika cewa danna ko ka danna ba. Akan yi amfani da a, wanda ba ya fayyace mai yin aikin. Korewarsa da kada ake yi. Sai kuma yana nuna abin da zai biyo baya.
A danna maɓallin.
Kada a kashe wuta.
Idan bai yi ba, sai a sauya batir.

4. Aikatau masu ƙarewa da u. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, waɗannan su ne aji na bakwai. Ba sa ɗaukar karɓau. A shuɗaɗɗen lokaci suna nuna aiki ya yiwu sarai, a lokaci mai ci kuma suna nuna ko abu mai yiwuwa ne ko a'a.
adana, adanu: Aikin ya adanu.
gyara, gyaru: Wannan linzami ba ya gyaruwa.
danna, dannu: Maɓallin yana dannuwa.

TAMBAYOYI

1. Ta wace hanya Hausawa suke zuwa Jidda kafin zuwan jirgin sama?
2. Mene ne bambancin da ke tsakanin sunan ɓera da sunan linzami?
3. Me ya sa rubutun da ba a adana ba yake salwanta idan wuta ta yanke?
4. Yaya ake gane cewa kwamfuta tana raye ko da kibiya ta tsaya?
5. Wane irin linzami ne ba a so a zare kwamfuta tana aiki?
6. A cikin hira, waɗanne kalmomi magatakarda ya yi amfani da su domin girmama Alhaji, musamman lokacin da ya ƙi bin shawararsa?

AIKIN GIDA

1. A mai da waɗannan jimloli zuwa umarni da a, sannan a kore su da kada: Zare wayar. Ku rufe tagar. Ki sauya batir.
2. A haɗa kowane jimloli biyu da ba tare da ... ba: Ya fita. Bai adana aikinsa ba. / Ta cike fom. Ba ta taɓa linzami ba.
3. A ajiye linzami gefe na minti goma, a buɗe fayil, a rubuta jimla biyar, a adana, a rufe, duk da madannai kaɗai. Sannan a rubuta sakin layi ɗaya da Hausa a bayyana yadda aka yi.
4. A bayyana ma'anar karin maganar nan, ba a fafe gora ranar tafiya, a kawo misali ɗaya wanda bai shafi kwamfuta ba.